Tseren Masu Fito a Gulbin Zamfara

Mai fito ba ya nufar gaɓar da zai sauka kai-tsaye. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigin Gulbin Zamfara cikin watan Agusta, a Gummi ko a ƙauyukan ƙasar Bukkuyum da Anka, ya ga haka. Jirgi na tashi sai matuƙi ya bi gefen gaɓa ya yi sama, yana dogara gwangwala a ƙasa, har baƙo ya fara tunanin ko an manta inda za a je. Sai ya kai wani wuri da shi kaɗai ya san alamarsa, gindin wata bishiya ko inda ruwa ke murɗawa, sannan ya karya kan jirgin ya faɗa tsakiya. A nan ƙasa ta yi nisa, gwangwala ba ta da amfani, sai filafili. Ruwan da kansa ne zai gangaro da jirgin ya dire shi daidai inda masu jira ke tsaye. In gulbi ya ƙaru cikin dare, da safe wurin karyawar ya ƙara nisa. Ba a rubuta masa wannan lissafi a takarda ba. A idonsa yake da damatsansa.

Kafin a tashi kuwa, mai fito sarki ne a jirginsa. "Baba, zamna tsakiya." "Inna, aje kwandon ƙasa ki riƙe ɗiyanki." "Kai yaro, kwantar da babur ɗin nan." Yana magana da mutane, amma idonsa na kan bakin jirgi, yana auna abin da ya rage tsakanin katako da ruwa. In ya kai taƙi guda, hankalinsa a kwance yake. In ya koma yatsu biyu, sai ka ga fara'a ta bar fuskarsa. A ƙasan jirgin akwai yaron da ba ya ɗago kai, yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta inda aka cusa tsumma da kwalta, da 'yar ƙwarya ko yankakkiyar jarka. Yaron nan shi ne matuƙin gobe, kuma a wurin kwarfar yake fara gane nauyin jirgi.

Abin da ya fi jan hankalina yana faruwa da la'asar sakaliya, bayan an gama kwaso manoma. Jirage biyu za su juyo babu kaya, samari na tuƙi. Ba wanda ya ce a fara. Wannan ya dubi wancan, filafili ya ƙara nutsewa, sai kawai ka ji bakin gulbi ya ɗauki sowa. Masu wanki sun saki wanki, mai rake ya miƙe tsaye, dattijon da ya zo alwala yana murmushi yana cewa na hagun nan ya yi saurin karyawa, ruwa zai kwashe shi. Haka kuwa za a yi. Wanda ya fi ƙarfi ba lallai ne ya riga isa ba. Wanda ya fi sanin hanyar ruwa shi ke ci. Babu kofi, babu alƙali, babu ko sisi. Akwai dai doka guda da kowa ya sani: da mutane a ciki ba a tsere.

Maƙwabtanmu na Kabi sun daɗe da ɗaukar irin wannan wasa da daraja. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, an fi saninsa da ranar da dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora. Amma kafin wannan rana akwai Kabanci: tseren kwalekwale, ninƙaya, nutso, kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun da duniya ke tattalinsu, kuma ko da ya yi kusan shekara goma a tsaye, an dawo da shi a 2020. A Yawuri kuma akwai bikin Rigata a kan Kwara, inda Gungawa ke nuna gwanintar tuƙi da suka gada tun zamanin farautar dorina. Ruwan da ya wuce Gummi shi ne ke gangarawa Jega, ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ya faɗa Kwara, ya bi ta gaban Yawuri. Ruwa ɗaya ne, sai dai a can ana yi masa kiɗa, mu kuma ba mu cika tuna shi ba sai ranar ta'aziyya.

Ko a Ingila, tseren da jami'o'in Oxford da Cambridge ke yi a Kogin Thames tun 1829 yana kan wannan ilimi na sanin hanyar ruwa ne. Mutum takwas ke tuƙi, na tara yana zaune a baya yana neman inda ruwa ya fi gudu a tsawon kilomita 6.8. Abin da dattijon bakin gulbinmu ke dubawa ke nan.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Ranar Asabar 14 ga Satumba, 2024, jirgi ɗauke da manoma kimanin 70 ya kife kusa da garin Gummi suna hanyar gona, fiye da mutum 40 suka salwanta. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Rahotannin lokacin sun ce sama da manoma 900 ne ke ƙetare wurin kullum, jirage kuwa biyu kacal. Makonni kaɗan kafin nan ambaliya ta raba dubban mutanen garin da gidajensu. Ga kuma rashin tsaro da ya sa taro kowane iri sai an yi shawara. A irin wannan hali, wa ke zancen wasa?

Tsere ba zai maye gurbin gada ba. Ba zai ƙara yawan jirage ba, ba zai sayo rigunan kariya ba. Waɗannan haƙƙi ne a wuyan gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, kuma tilas a ci gaba da tuna musu. Amma ranar da jirgi ya kife, kafin wata hukuma ta iso, masu faɗawa ruwa su ciro mutane su ne yaran nan da muke kora daga bakin gulbi, waɗanda suka koyi iyo rungume da gora ko jarka, suna gasar wa zai riga taɓa wancan tsibirin yashi. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. A mashigi ya wuce nan, don mai iya ruwa har maƙwabcinsa yake fitarwa. Wannan iyawa kuwa ba a huɗuba ake samunta ba. A wasa ake samunta, a kishi, a son a ce wane ya fi.

Shi ya sa nake ganin ya dace masarautun Gummi, Bukkuyum da Anka su ware yini guda bayan kaka, lokacin da gulbi ya lafa amma bai koma yashi ba, amfanin gona kuma ya shigo gida. Ba sai an kira baƙi daga Abuja ba. Sarakunan ruwa su tsara, kowane mashigi ya kawo jirginsa. A duba jirage kafin su shiga, mai yoyo a mayar da shi gyara. Kowane matuƙi ya sa rigar kariya, yadda yaro zai tashi yana ganinta a jikin gwanin da yake sha'awa, ya daina ɗaukarta kayan matsorata. A yi gasar iyo ta yara, a yi ta ceto, a ga wa zai riga kai wa wanda ya faɗa ruwa. Kyautar ma ta zama abin sana'a: sabon jirgi, katako, riguna. A kuma karrama mai fiton da ya shekara bai taɓa ɗaukar fiye da kima ba, ko da fasinja sun yi masa ca, domin ƙin ɗaukar mutum na ƙarshe ya fi cin tsere wuya.

Masu fito sun riga sun fara wasan da kansu. Abin da ya rage shi ne manya su sa masa albarka, su ba shi rana da doka. Damina mai zuwa gulbi zai sake cika, manoma za su sake yin layi da fartanya a kafaɗa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.