Leƙen Bahar Maliya: Daga Gaɓa Ko Daga Jirgi?

Kakanninmu da suka bi ta Sawakin zuwa Jidda sun ƙetare Bahar Maliya hankalinsu yana Makka, ba su tsaya leƙen abin da ke ƙarƙashinta ba. Mu jikoki mun leƙa, a wani hutu kafin yaƙin 2023, lokacin da Dattijo ya damƙa mana amanar matasan unguwa zuwa Bur Sudan.

Kayan leƙen kaɗan ne: gilashin fuska da bututun numfashi. Mutum yakan kwanta rub-da-ciki bisa ruwa, yana shaƙar iska ta bututun, yana kallon murjani da kifaye, yana tasbihi a zuci. Gardama ta tashi kan mashiga. Matasa suka nace sai an ɗauki jirgi zuwa Sanganeb, tudun murjanin da ke kimanin kilomita 25 daga gaɓa, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren gadon duniya a 2016. Can ruwa garau yake, amma wanda ya diro daga jirgi ba shi da ƙasar takawa. A gaɓa kuwa yashi kan dame ruwa, kifi ya ƙaranta, sai dai wanda ruwa ya shiga bututunsa ya firgita yana iya miƙewa tsaye.

Muka ƙidaya: cikin yara 12, huɗu kaɗai suka iya iyo. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba ya fid da shi. Muka zaɓi gaɓa, suka yini ba sa yi mana magana.

Mun mayar wa iyaye 'ya'yansu cif, alhamdu lillahi. Sanganeb kuwa har yau ba mu gan shi ba. Yaƙi ya shiga tsakani.