Liyari Da Fataka A Kasuwar Kurmi

Duk baƙon da ya shiga Kasuwar Kurmi ta birnin Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, in ya kutsa lungunan masu kayan gargajiya, da wuya ya fita bai ga tsofaffin kuɗin azurfa ba. Wanda ya fi jan ido shi ne liyari, watau dalar ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tariza. A 1851, sa'ad da Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano, wuri 2,500 ake ba da guda.

Shekarar 1780 da ke jikinsa ita ke ruɗin jama'a. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, tun daga nan kuwa ba a sake lambar ba, ko a Biyana aka buga shi, ko Landan, ko Bambai. Saboda haka lambar ba ta shaidar tsufa.

To, yaya ake sanin darajarsa? Maƙerin fari ba ruwansa da hoto. Zai auna ya ga ko ya kai giram 28, ya jefa shi bisa dutse ya kasa kunne, domin azurfa na da amo mai tsawo, dalma kuwa ba ta da shi. Amma mai tara tsofaffin kuɗi wajen da hannu ke fara cinyewa yake duba: gashin sarauniya, da 'yan duwatsun maɓallin kafaɗarta, da rubutun da ya kewaye bakin kuɗin. Mutanen Amurka har ma'auni gare su, daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Haka ake duban sule da fataka masu bishiyar kwakwa da kan Sarki Joji na Biyar, waɗanda aka buga da azurfa daga 1913 zuwa 1920.

A nan ne magada ke tafka asara. Mace ta gaji liyari wajen kakarta, sai ta dirje shi da toka da lemun tsami don ya yi ƙyalli, alhali dishin nan na tsufa shi mai tarawa ke so. Wanda aka goge, ko aka huda don ratayawa a wuya, sai dai a saye shi a kan nauyin azurfarsa, ƙarshensa maƙera, a narke a yi zobe ko munduwa.