Milfa: Gonar 'Yan'uwa Uku a Ƙasar Meziko

Daga birnin Wahaka da ke kudancin Meziko muka kama hanyar gabas zuwa garin Mitla, tafiyar kamar awa guda a mota. Damina ce, ga tsaunuka dama da hagu. A bayan gidaje muka riƙa ganin wasu ƙananan gonaki a cunkushe, kai ka ce an manta da nome su. Ashe da gangan ne. Wannan ita ce milfa: masara da wake da kabewa a wuri guda.

Masara ake fara shukawa. Idan ta ɗan tasa, sai wake ya nannaɗe karanta ya hau, ba ruwan manomi da kafa sanda. Ba irin wakenmu ba ne, nasu mai hawa ne. Da muka tuge guda, sai ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa. A cikinsu ƙwayoyin bakteriya suke zaune, suna kama sinadarin naitirojin daga iska, wanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ita kuwa kabewa yaɗo take yi, faffaɗan ganyenta ya rufe ƙasa, danshi ya daɗe, ciyawa ta rasa rana. Wasu 'yan asalin Arewacin Amurka na kiran ukun nan 'yan'uwa mata uku. Duk wanda ya san gonar gero da wake a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu ba.

Kusa da Mitla akwai kogon Guilá Naquitz, inda masana suka tono irin kabewa na kusan shekara 10,000, da totuwar masara ta fiye da shekara 6,000. A 2010 UNESCO ta sa kogunan yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Abincin ma bai bar mu ba. Sukan dafa masara da ruwan farar ƙasa ko toka kafin niƙa, kuma hakan ne ke sa jiki ya amfana da sinadarin niyasin da ke cikinta. An sha cutar felagira a Turai, inda aka karɓi masara ba tare da wannan dabara ba. Furen kabewa da ɗanyen yaɗonta kuwa miya ake yi da su, mun sha har da ƙari.

Damuwar dattawa ita ce matasa da yawa sun tafi ci-rani Amurka, kuma irin gargajiya ba ya daɗewa a ajiye, sai an yi ta shuka shi.