Baƙin Allo Ba Mutuwa Ba Ne

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, wayata ba ta huta ba. 'Yan'uwa daga Birnin Tsaba har Shinkafi suna sake ɗora Windows a kan kwamfutoci 'yan kwatano, sai allo ya yi baƙi ƙirin.

Har da ƙanwata mai karatu a Kaura Namoda. Saura kwana uku ta miƙa aikin kammala karatu, ta kira ni tana shirin hawa mota zuwa Gusau wurin mai gyara. Duk wanda ya san hanyoyinmu a shekarun nan ya san tafiya ba abin wasa ba ce.

Na ce, "Fanka tana juyawa?"

Ta ce, "Eh, Yaya."

"To, da ranta."

Na sa ta shiga BIOS. An tsara faifan don UEFI, injin kuwa yana nan a kan tsohon tsarin Legacy. Tana sauyawa, tambarin Windows ya bayyana, sannan allon ya sake ɗaukewa. Muka bi ta Safe Mode, muka cire direban hoto, ta tashi garau.

Babban amfanin karatuna a gida ke nan: bambance matacce da mai barci, kafin wani ya kama hanya.