Gidan da Baba ya ba marayu da baki

Ni na hana mahaifina rubuta wasiyya, kuma da ladabi na hana shi, irin ladabin nan namu da ke sa ɗa ya kau da zance duk lokacin da uba ya ambaci mutuwa.

Yayanmu, babban ɗan Baba, ya riga shi rasuwa, ya bar mata da 'ya'ya uku ƙanana. Baba yana da gidan da muke ciki a birnin Zariya, da gonaki, da wani gidan haya a Tudun Wada. Bayan matar Yaya ta fita takaba, wata rana da la'asar ya kira ni ɗakinsa, ya jawo tsohuwar adakarsa daga ƙarƙashin gado, ya fito da takardun gidan hayar a naɗe cikin leda. Ya ce, "Wannan gida na ba 'ya'yan yayanka. Kai ne ɗan boko, ka rubuta, ka kira liman da mai unguwa su sa hannu." Na ce, "Haba Baba! Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Kai za ka aurar da su da hannunka." Ya yi murmushi, ya mayar da takardun. Da ya sake tayar da maganar, na ce sai na samu hutu. Ciwo ya riga hutun zuwa. Ko a kwancen nan, muddin hankalinsa na jikinsa, wasiyyarsa za ta inganta, amma na ga kamar kai masa biro da takarda a gadon asibiti tamkar yi masa fatan mutuwa ne.

Bayan rasuwarsa, ranar rabon gado na miƙe da ƙarfin gwiwata na ce a cire gidan Tudun Wada, domin da kunnena na ji Baba ya ba marayu. Malamin da aka gayyato, dattijo mai sanyin magana, ya dube ni ya ce, "Ɗana, cewa ya yi ya ba su, ko cewa ya yi a ba su bayan ransa?" Na ce cewa ya yi ya ba su. Ya ce, "Wa yake karɓar kuɗin haya har ya rasu?" Na ce Baba. "Takardu fa?" Na ce suna adakarsa. Ya ce, "To, gida yana cikin abin da za a raba."

A nan na koyi abin da yake rubuce cikin Risala, littafin da ake karantawa a zauren da nake wucewa kullum. A mazhabar Malikiyya, kyauta da sadaka da hubusi, wato wakafi, ba sa cika sai wanda aka ba ya karɓa, abin ya fita daga hannun mai shi tun yana da lafiya. Idan ya rasu abin yana hannunsa, ya koma gado. Da Baba ya damƙa takardu da karɓar haya ga wani amintacce a madadin yaran, a gaban shaidu, da shi ke nan. Ko kuma da ya yi wasiyya. Musulmi yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magaji ba, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, kuma ana fitar da ita bayan hidimar jana'iza da biyan bashi, kafin a taɓa rabon kowa. Gidan nan bai kai sulusi ba. Ba a ma buƙatar yardar ko ɗayanmu.

Su kuma yaran ba magada ba ne, abin da mutane da yawa ba su sani ba ke nan sai ya faɗo a gidansu. Jika ba ya gadon kakansa matuƙar kakan yana da ɗa namiji a raye. Mu baffanninsu mu muka katange su. Masar ta yi doka a 1946 wadda ta wajabta a fitar wa irin waɗannan jikoki rabon mahaifinsu, ba tare da an wuce sulusi ba, ko da kakan bai yi wasiyya ba, wasu ƙasashen Larabawa kuma suka bi sahu. Kotunanmu na shari'a ba su da wannan tanadi. A nan in kaka bai yi da kansa ba, babu wanda zai yi masa.

Ba na ganin laifin 'yan uwana. Malamin ya tuna mana ayar Suratun Nisa'i da ta ce a ba dangi da marayu wani abu idan sun halarci rabo, wasunmu kuwa suka bayar daga kasonsu. Amma amaryar Baba tana da yara da ba su balaga ba, kuma babu mai ikon yafe haƙƙin ƙaramin yaro, ko uwarsa. Wata ƙanwarmu mijinta ya rasa aiki, ta ce tana buƙatar nata, gaskiyarta ce kuma. Aka sayar da gidan. Abin da muka harhaɗa wa marayun bai kai kuɗin ɗaki biyu a cikinsa ba, ya ƙare a kuɗin makaranta kafin babbar ta gama sakandare. Har yau in ta durƙusa ta ce "Baffa, ina kwana," sai in ji nauyin amsawa.

Daga baya na gane cewa abin da Baba yake nufi ma ya fi kama da wakafi. Ba so yake a miƙa wa yara gida su sayar ba, so yake haya ta riƙa ciyar da su tana biya musu karatu. Haka Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar: aka tsare asalinta, ba sayarwa, ba kyautarwa, ba gado, amfaninta kuma yana tafiya ga waɗanda ya ambata, har da danginsa. Mu mun ɗauka wakafi na masallaci da rijiya ne kawai, alhali mutum yana iya yi wa zuriyarsa, ya naɗa mai kula, ya faɗi yadda za a kashe kuɗin. Malikiyya ma sun yarda a yi shi na wani wa'adi, a ce har ƙaramin ya kammala karatu, sannan gida ya koma ga mai shi ko magadansa. Sai dai shi ma sai ya bar hannun mai shi tun yana lafiya. Yanzu akwai hukumomin zakka da wakafi a jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara, akwai kuma kamfanonin riƙon amana masu rajista, ga wanda dukiyarsa ta kai ya biya su lada.

Ni ba ni da gidan haya. Ina da albashi, da ƙananan yara, da fili ɗaya. Abin da ya dace da mai shekaruna shi na yi: na rubuta basussukan da ake bina da waɗanda nake bi, na ambaci wanda zai riƙe dukiyar yarana har su yi hankali in na riga su, na tambaye shi ya amince, na sa mutum biyu da ba magadana ba suka shaida. Na kuma gaya wa maiɗakina cewa sunan ƙanena da ke fom ɗin banki da na fansho bai ba shi ko kwabo ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai, rabo yana nan yadda shari'a ta tsara. A cikin sulusina na sa wa 'ya'yan Yaya wani kaso. Takardar kuma ina sake duba ta duk sanda aka yi mini haihuwa ko na sayi wani abu, domin wasiyya ana canza ta muddin mutum yana raye.

Idan akwai dattijo a gidanku da ke da jikoki marayu, ko ɗan riƙo, ko wata 'yar uwa da yake ciyarwa wadda ba za ta gaje shi ba, kada ku jira ya fara maganar. Ku tambaye shi abin da yake so a yi musu, ku kira malamin da ya san gado da shaidu biyu, a rubuta a makon nan.