Yaro ya ji ciwo a fili: ya bar makaranta ya bi ƙwallo tun da wuri?

Duk wanda ya san Tanda ya san garinmu a bakin iyaka yake. Gaya na nan kusa, gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin na kan kogi, Kamba ta jihar Kebbi ma ba nisa. Yaron da ya tashi a nan bai ɗauki tsallaka iyaka a bakin komai ba, don tun yana ƙarami yake ganin yayyensa suna tafiya Kwatano ko Legas cirani. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne, ban da dako da talla, an samu sabon dalilin tafiya, wato ƙwallon ƙafa. Akwai kuma wata magana da ke yawo a bakin iyaye idan yaro mai ƙafa ya ji ciwo a fili: gara ya tafi yanzu, tun ƙafar na da sauran daraja, kafin ta lalace a banza a filin gari. A kan wannan magana nake so mu tsaya da ku, malamai da iyaye, domin akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma rami.

Bari in fara da inda maganar ta yi aiki. A Amurka suna da wata irin ƙwallo tasu ta daban, wadda ake runguma a hannu ana gudu ana karo da juna, kuma jami'o'i ne ke renon 'yan wasanta kafin manyan ƙungiyoyi su ɗauke su. A watan Nuwamba na 2019, wani ɗalibin Jami'ar Alabama mai suna Tua Tagovailoa, wanda shi ne mai jefa ƙwallo kuma jagoran 'yan wasansu a fili, ya samu gocewar ƙashin ƙugu a tsakiyar wasa, har sai da aka yi masa aiki. Yana da sauran shekara guda da zai iya yi wa jami'ar wasa. Mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce ya zauna ya warke, ya nuna wa duniya cewa jikinsa ya dawo, farashinsa ya ƙaru. Wasu suka ce a lokacin jami'a ba ta biyan ɗan wasa albashi, in ya sake jin ciwo a can ya tashi a tutar babu. A watan Janairu na 2020 ya ce zai tafi. A watan Afrilu ƙungiyar Miami Dolphins ta ɗauke shi, shi ne na biyar a duk cikin waɗanda aka zaɓa a shekarar, da yarjejeniyar shekara huɗu ta kusan dalar Amurka miliyan 30.

A ganina yaron nan ya yi daidai. Amma a duba abin da ke hannunsa. Likitoci sun san ainihin ciwonsa, sun yi masa aiki, ƙungiyoyin da ke son sa su ma sun ga sakamakon. Kuɗin da aka rubuta masa na tabbas ne, ko ya buga ko bai buga ba. Ya haura shekara ashirin, ya yi shekara uku a jami'a, kuma a cikin 2020 ɗin ya kammala digirinsa. Ke nan ƙwai ne a baka, ba kaza a akurki ba.

Yanzu mu dawo gida. Ɗan ƙanwata yana aji na ƙarshe a kwaleji, shekarar da zai zauna jarrabawar brebe, lokacin da gwiwarsa ta murɗe a wani wasan unguwanni da rani, a kan ƙasa mai tauri kamar daɓe. Aka kai shi wurin maɗori, ya ce targaɗe ne, ya ja ya ɗaure. Bayan sati uku kumburi ya saɓe, yaro ya koma fili, sai dai in ya zo juyawa da gudu gwiwar takan yi kamar za ta zame masa. Ana cikin haka wani mutum ya ɓullo daga tsallaken gada, da waya cike da hotunansa tare da 'yan wasa, ya ce ya ga yaron yana da ƙafa, zai kai shi Kwatano, daga can a wuce da shi gwaji ƙasar Larabawa. Abin da ake so daga gida shi ne kuɗin fasfo, da na jirgi, da na abin da ya kira rajista. Uban yaron ya fara zancen jinginar da fadamarsa ta shinkafa.

Ƙanwata ta same ni da dare. Ta ce, "Yaya, kai ne ka yi boko a gidan nan. In alheri ne kada mu tare masa hanya, in kuma ba alheri ba ne ka faɗa wa babansa, ni ba zai ji tawa ba." Shi kuwa yaron cewa ya yi, "Kawu, wannan gwiwar ba za ta jira ni in gama brebe da bak ba. In ban tafi yanzu ba, yaushe?"

Ban ce masa ƙwallo banza ce ba, don ba banza ba ce. Ban kuma ce masa takarda za ta ba shi aiki ba, don shi da kansa ya san masu bak da ke kabu-kabu a tashar Gaya, ya san malaman kwantiragi da yadda wata ke yi musu tsawo. Duk malamin da ya ce wa yaron zamanin nan makaranta kaɗai ce hanyar arziki, yaron zai dube shi ne kawai don ladabi. Abin da na yi shi ne na roƙi a kira mutumin mu zauna, na yi masa tambayoyi a gaban uban yaron. Waɗannan tambayoyin su ne nake so kowane uba da kowane malami ya riƙe.

Ta farko, wace ƙungiya ce, kuma ina takardarta? Ƙungiyar da ke son ganin yaro takan aiko da gayyata a rubuce, da sunanta da ranakun gwajin. Gwaji kuma ba ɗaukar aiki ba ne. Yaro zai iya yin sati biyu a ce masa an gode. Wanda ya bar aji don gwaji bai zama ƙwararren ɗan wasa ba, ya dai zama wanda ya bar aji.

Ta biyu, shekarun yaron nawa? Dokar hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta hana a ɗauki ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura don wani dalilin da ba na ƙwallo ba. Ahmed Musa ma, da ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010 ya fi kowa a gasar Najeriya, da ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta saye shi sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara buga mata. In wanda duk Najeriya ta san ƙafarsa ya jira, to mai cewa zai fitar da ɗan shekara 16 daga Tanda ta wace ƙofa zai bi da shi? Ko dai a sauya masa takardar haihuwa, ko a ajiye shi a wani ɗaki a baƙon gari ba ƙungiya ba makaranta.

Ta uku, wa ke biya? A harkar ƙwallo ta gaskiya, mai son ɗan wasa shi ke kashe kuɗi, kuma dokar FIFA ta hana karɓar kuɗi don a yi wa yaro gwaji. Wakilin 'yan wasa na gaskiya yana da lasisin FIFA, ana iya duba sunansa a intanet, ana kuma iya tambayar hukumar ƙwallo ta ƙasa, FENIFOOT, a Yamai. Duk inda aka ce uba ya sayar da gona ko shanun huɗa kafin yaro ya taka leda, to uban ne kasuwar, ba ƙafar yaron ba.

Ta huɗu, kuma ita ce ta fi shafar mai ciwo: wa ya duba gwiwar? Maɗori ya san ƙashi, ba mai raina masa wannan. Amma a cikin gwiwa akwai jijiyoyi masu riƙe ta, waɗanda ko hoton ƙashi na asibiti ba ya nuna su, sai wani hoto na musamman da ake kira IRM. Idan babbar jijiyar ciki ta tsinke, kumburi zai iya saɓewa, yaro ya yi tafiya har da gudu a miƙe, amma juyawa da birki su gagare shi. Ɗan wasan da aka yi wa aikinta yakan yi wata tara ko fiye kafin ya koma gasa. Ci gaba da wasa a kanta kuma yana cinye guringuntsin gwiwar. Babu ƙungiyar kirki da ke sa hannu kafin likitanta ya duba ɗan wasa. A irin wannan binciken ne likitocin Inter Milan suka gano ciwon zuciyar Nwankwo Kanu a 1996, bayan ya dawo da zinare daga Atlanta, aka yi masa aiki a Amurka, ya warke har ya je Arsenal a 1999. Kanu yana da ƙungiya a bayansa. Yaron da ya je gwaji da ɓoyayyen ciwo ba shi da kowa. Ranar da likitan ƙungiya ya kama gwiwar, ranar gwajin ya ƙare, kuɗin fadama kuma sun riga sun tafi.

Mutumin bai amsa ko ɗaya yadda hankali zai kwanta ba. Ya ce takardar tana zuwa, ya ce shekaru ba matsala ba ne ana gyara su, ya ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Uban yaron ya yi shiru, daga baya ya ce, "Malam, fadamar nan ta gado ce, a bar ta inda take." Kuɗin da aka iya haɗawa aka kai yaron Yamai da su aka duba gwiwar. Likita ya ce jijiyar ta taɓu amma ba ta tsinke duka ba, ya hana shi wasa na watanni, ya ba shi motsa jikin da zai riƙa yi. Yaron ya yi wata biyu ba ya gaishe ni sai an matsa masa. Ya zauna brebe da fushinsa.

To ga abin da na tsaya a kai. Ciwo dalili ne na yin sauri ga wanda aka ajiye wa yarjejeniya a gabansa, a rubuce, da kuɗin da zai riƙe shi ko da ƙafar ta ƙi. In ɗanka ya cika 18, ƙungiyar da aka sani ta neme shi, ko da ta gida ce irin su Sahel SC ko AS Douanes, likita ya duba shi, an rubuta albashi da wanda zai biya magani in ya ji rauni, ban ga laifin ya tafi ba, ko da bai gama lise ba. Shekarun ƙwallo kaɗan ne, ana iya komawa a zauna bak daga waje. Amma ga wanda ba shi da komai sai alkawarin baki, ciwon nan shi ne babban dalilin riƙe makaranta da hannu biyu, domin jikinsa ya riga ya gaya masa cewa jarin nasa mai karyewa ne. Barin aji a wannan hali sakin reshe ne a kama ganye.

Mu mutanen jihar Doso ba baƙin wasa ba ne. Ɗanmu Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobin kokawa na ƙasa har sau shida, a gasar da aka fara tun 1975 a Tawa. Amma a tuna yadda kakanninmu suka tsara kokawa: bayan kaka ake yin ta, idan hatsi ya shiga rumbu. Ba wanda ya taɓa cewa saurayi ya bar gona da damina don yana da ƙarfin kayar da mutane. In ya karye a fage, rumbunsa na nan. Makaranta ita ce rumbun yaron yau, ko da ba ta cika ba. Da ita zai karanta yarjejeniyar da aka miƙo masa da Faransanci ko Turanci kafin ya dangwala hannu. Da ita zai iya neman shiga makarantar INJS ta Yamai ya fito malamin wasanni in ƙafa ta gaza.

Ga 'yan'uwana malamai, roƙona kaɗan ne. Yaron da ya fi kowa a fili sau da yawa shi muka fi saurin sallamawa a aji, mu ce ai wannan ɗan ƙwallo ne. In ya ji ciwo ya yi sati biyu bai zo ba, a aika gidansu, a ajiye masa darussa, kada kujerarsa ta yi ƙura. Lokacin jinyar nan ne masu hotuna a waya suka fi samun kunnensa, don yana kwance yana ganin kamar duniya ta wuce ta bar shi. Iyaye kuma, kafin a taɓa gona ko dabba, a nemi wani mai karatu a zauna da baƙon, a yi masa tambayoyin nan huɗu a gaban shaidu. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, zai ma fito da takardunsa tun ba a tambaya ba. Wanda ya ce sai yau ko gobe, a ba shi ruwa ya sha a raka shi tasha.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu dace.