Pierogi a Daren Jajibirin Kirsimeti

Wata ɗaliba 'yar ƙasar Poland, mai koyon Hausa a Jami'ar Warsaw, ta gayyaci wani abokin karatunta ɗan Damagaram zuwa gidan kakarta ran 24 ga Disamba. A wannan dare, wanda suke kira Wigilia, al'adarsu ce a jera abinci iri goma sha biyu, a kuma bar gurbi guda a tebur domin baƙon da ba a zata ba.

Tun a hanya ya tambaye ta abin da za a ci. Ta ce pierogi, sai Hausa ta kakare mata. Ta lalubo "ɗan wake", domin shi ne mafi kusa a cikin abin da ta karanta. Ba ta yi kuskure ƙwarai ba: dukansu kwaɓi ne da ake jefawa cikin tafasasshen ruwa, a jira ya taso sama, sannan a tsame a zuba masa mai. Amma ɗan wake dunƙule ne, cikinsa da bayansa ɗaya. Pierogi kuwa fulawa ce ake murzawa ta yi falle, a yanke da bakin kofi, a zuba haɗi a tsakiya, a naɗe kamar jinjirin wata, a danne gefen da yatsa. Ta fuskar siffa ya fi kama da samosa, sai dai ita soya ta ake yi.

Shi abin da ya dame shi daban ne. Ya ji cewa a sauran ranaku ana barbaɗa wa pierogi soyayyen kitsen alade, ga shi kuma ƙin cin abincin tsohuwa a gidanta ba ƙaramin abu ba ne. Da aka ajiye masa faranti ya dubi ɗalibar, ya ce, "Gaya wa Kaka ta yi mini afuwa, mene ne a ciki?" Tsohuwa ta ce a daren nan ba a cin nama a gidan Katolika na ƙwarai, kabeji ne mai tsami da naman kaza na daji da aka busar tun kaka. Ya yi bisimilla.

Wannan irin abinci yana da dangi da yawa. Pelmeni na Rasha ƙanana ne, kuma ɗanyen nama ake sakawa ya dahu tare da kwaɓin, alhali a Poland akan dafa haɗin tukuna. Jiaozi na ƙasar Sin fatarsa ta fi siranta, ana tsoma shi a ruwan khal. Ravioli na Italiya da ƙwai ake kwaɓa shi. Varenyky na Yukren kuwa, sai mai son gardama zai raba shi da pierogi.

A nan ne ma hira ta yi zafi. Mafi shahara a Poland shi ne pierogi ruskie, mai dankalin turawa da farin cuku da albasa. Bayan da Rasha ta afka wa Yukren a 2022, wasu gidajen abinci suka sauya masa suna zuwa "na Yukren", don kada a ce suna sayar da abin Rasha. Tsohuwa ba ta yarda da wannan ba, kuma tana da hujja: kalmar tana nufin tsohon yankin Rus, wajen birnin Lviv, ba ƙasar Rasha ba. Daga can aka kwaso iyayenta bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka ja iyaka birnin ya fita daga Poland. Ta ce sunan da uwarta ta kira shi da shi, da shi za ta mutu.

Ɗalibar ta fassara wannan da ƙyar, ta rubuta "gurbi" da "kwaɓi" a bayan hannunta don kada ta manta. Tsohuwa ta ƙara wa baƙo guda shida ba tare da ta tambaye shi ba.